Hutun bazara a Fagge da Sabon Gari: Inda za a kai yara da abin da za a faɗa musu

Idan aka rufe makarantu a ƙarshen zango na biyu, tsakanin watan Maris da Afrilu, iyalai da yawa a Kano kan rasa inda za su kai yara. Mai hali ya nufi gidan zu na Audu Baƙo ko katafaren kantin Ado Bayero da ke kusa da shi, marar hali kuwa ya bar su a tsakar gida suna rububin wayar uwarsu. Da wuya a ji wanda ya ambaci Fagge ko Sabon Gari, domin an fi sanin unguwannin biyu da cinkoso da hayaniyar kasuwa.

Sai dai a ɗan tazarar da ke tsakanin Ƙofar Mata da kasuwar Sabon Gari, wadda adaidaita sahu ke cinyewa cikin 'yan mintuna idan hanya ta yi kyau, akwai zangon ayarin raƙuma na tun ƙarni na 15, da babbar kasuwar tufafi ta Afirka ta Yamma, da unguwar da aka kafa jam'iyyar NEPU, da titunan da aka yi tarzomar 1953 wadda ta gaggauta mayar da Nijeriya tarayya. Sanannun gidajen tarihin Kano, wato Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, duk suna wajen waɗannan unguwanni, kuma ba kasafai ake cin karo da allunan bayani a nan ba. Saboda haka uba ko uwa ko babban wa shi ne zai zama ɗan jagora. An shirya wannan bayani ne domin wanda zai ɗauki nauyin hakan na kwana biyu ko uku.

Asalin unguwannin biyu

Fagge da Sabon Gari suna cikin ƙaramar hukuma ɗaya, ta Fagge, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kusan 200,000. Dukansu a bayan badala suke, a yankin da Kanawa ke kira Waje, kuma dukansu domin baƙi aka kafa su, ko da yake fiye da shekara 400 ce tsakaninsu.

Masana tarihi na danganta kafuwar Fagge da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A filin da ke bayan ganuwa ne Abzinawa ke sauke raƙumansu idan sun iso daga Agadas da gishiri da kanwa da dabino, su koma da hatsi da fatu da tufafin rini. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, ya kuma ce adadin kan ninka tsakanin Janairu da Afrilu idan fatake suka hallara. Wato tun wancan zamani wannan lokaci na shekara na baƙi ne a Kano.

Sabon Gari kuwa haihuwar jirgin ƙasa ce. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, layin dogo ya iso a 1911, ya zo da akawuna da ma'aikatan jirgi da masu sana'o'in hannu daga kudancin ƙasar nan da Saliyo da ƙasar da ake kira Ghana a yau. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta so su zauna a cikin birni su cuɗanya da talakawan sarki ba, sai ta yanka musu fili a wajajen 1913, ta shata tituna a miƙe, ta sa unguwar a ƙarƙashin Baturen hukuma. Sai a 1940 aka mayar da ita hannun En'e ta Kano. Tun daga tushe ke nan aka raba maƙwabtan biyu ta fuskar shari'a da makaranta da shugabanci, alhali kasuwa ɗaya suke ci. Yawancin abin da za a nuna wa yara a wannan ziyara daga wannan rabuwa da wannan cuɗanya ya samo asali.

Lokacin fita

Afrilu shi ne watan da ya fi zafi a Kano, inda ma'aunin zafi kan kai 40 ko ya haura da tsakar rana. Shi ne kuma lokacin da aka fi fama da sanƙarau. Tsarin da ya fi dacewa da yara shi ne a fita da ƙarfe takwas na safe, a nemi inuwa kafin sha biyu, a sake fita bayan La'asar. A riƙe ruwan sha isasshe da hula ko laima, a kuma guji cusa ƙananan yara cikin lungunan kasuwa marasa iska da rana tsaka.

Ranakun mako ma suna da tasiri. Ranar Juma'a hanyoyin da ke kewaye da masallacin Juma'a na Fagge kan cushe tun kafin azahar. Ranar Lahadi shaguna da yawa a Sabon Gari a rufe suke, tituna kuma su cika da masu zuwa coci cikin kwalliya, don haka ita ce ranar da ta fi daɗin yawo a ƙafa. Asabar ɗin ƙarshen wata kuwa akwai tsaftar muhalli, wadda ake taƙaita zirga-zirga a cikinta daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe.

Rana ta farko: daga Ƙofar Mata zuwa Fagge

Ya fi kyau a fara daga karofin Ƙofar Mata, wanda aka ce an kafa a 1498. Har yanzu ana rini a wasu ramukan da haɗin baba da toka da kanwa, kamar yadda aka gada. Yara za su ga yadda ake tsoma ƙyalle a ɗago shi ya sha iska, ya fito kore-kore sannan ya rikiɗe shuɗi a gaban idonsu, za su kuma ga mabuga suna dukan tufa a kan gungume har ta yi ƙyalli. Marina kan yi wa baƙi bayani, kuma ladabi ne a sayi ɗan ƙyalle ko a yi musu ihsani. Ramukan da suka bushe sun fi masu aiki yawa. Idan yaro ya tambayi dalili, amsar tana 'yan taku kaɗan a gaba, a Kantin Kwari, inda yadin da aka shigo da shi daga ƙetare ya fi na gida araha.

Da an fita ƙofar sai filin Idi. Wannan fili darasi ne na yadda ake tafiyar da filayen jama'a a Kano. A zamanin gwamnatin Abdullahi Ganduje aka gina shaguna a kewayensa. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Abba Kabir Yusuf, sabuwar gwamnati ta rushe su bisa hujjar cewa filin na al'umma ne. Masu shagunan suka garzaya kotu, Babbar Kotun Tarayya ta yanke musu diyyar naira biliyan 30 a watan Satumban shekarar, daga bisani aka sasanta a kan biliyan 3. Gwamnati ɗaya ta sayar, wata ta rushe, aka biya diyya daga baitulmalin jama'a. Yaron da ya kai sakandare zai iya riƙe wannan lissafi, kuma ya cancanci a tambaye shi wa yake gani ya yi asara.

Daga nan sai Kantin Kwari, a Fagge ta Kudu. A zamanin Turawa nan ne aka keɓe wa 'yan kasuwar Lebanon da Siriya, waɗanda Hausawa ke kira Kwarori, suka gina gidaje masu kanti a ƙasa da wurin kwana a sama. Sunan titin Beirut Road, inda ake cinikin wayoyi a yau, shaida ce ta wancan zamani. Sannu a hankali 'yan kasuwar gida, waɗanda da yawansu yaran kanti ne a da, suka gaji harkar. A yau daga Nijar da Chadi da Kamaru ake zuwa sarin atamfa da shadda da leshi. A shiga da hantsi kafin kasuwa ta cika, a riƙe hannun ƙanana saboda 'yan dako masu ɗauke da diloli ba sa iya tsayawa nan take. Wani abin da yara kan ji daɗinsa shi ne a ba kowannensu ɗan kuɗi ya taya yadi da kansa. A nuna musu kuma yadda aka cike hanyoyi da magudanan ruwa da rumfuna. Ambaliyar da ta lalata dukiya mai yawa a kasuwar a watan Agustan 2022, 'yan kasuwa da dama sun ɗora alhakinta a kan irin waɗannan gine-gine.

Wapa, matattarar 'yan canji, ta samo sunanta ne daga gidan sinimar da ya taɓa zama a wurin. Yankin Waje shi ne mahaifar sinima a Kano, domin a nan aka buɗe Rex a 1937, daga baya Plaza da El Dorado da sauransu suka biyo baya, kuma a cikinsu ne Kanawa suka saba da finafinan Indiya tun kafin a san za a yi Kannywood. A watan Mayun 1951 gidan sinimar El Duniya ya kama da wuta ana tsakiyar kallo, mutum sama da 300 suka rasu. Yawancin waɗannan gidaje sun koma shaguna da ɗakunan ajiyar kaya, sunayensu kawai suka rage a bakin direbobin adaidaita sahu.

Mai son nuna wa yara raƙumi a Fagge a yau sai ya nufi Abbatuwa da sassafe, inda ake kawo su domin yanka. Wurin ya fi dacewa da manyan yara, kuma kallon garken daga waje ya wadatar. Ba nisa da nan, a wajen Ƙofar Mazugal, akwai filin da aka riƙa jera dalar gyaɗa a zamanin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Buhunan kan jira jirgin ƙasa ne ya kwashe su zuwa Ikko.

Rana ta biyu: Sabon Gari

Ba a buƙatar kuɗin shiga kafin a karanta tarihin Sabon Gari, domin a sunayen tituna yake. Akwai Yoruba Road da Igbo Road da Aba Road da Enugu Road da Warri Road da Abeokuta Road, akwai kuma Gold Coast da Freetown. Ana iya ba yara takarda su rubuta duk sunan da suka gani, idan an koma gida a nemo kowane gari a taswira. Biyu daga cikin sunayen suna da labari na musamman. France Road ba ta da alaƙa da ƙasar Faransa, sunan wani tsohon akawu ne ɗan Ghana da ya shugabanci unguwar a zamanin Turawa. Ballat Hughes kuma sunan wani ɗan Saliyo ne da ya riƙe muƙamin bayansa. Har yau al'ummomin unguwar suna da shugabanninsu na gargajiya, irin su Eze na Ibo da Sarkin Yarbawa, waɗanda ke hulɗa da masarautar Kano.

A wannan unguwa ne, ranar 8 ga Agustan 1950, mutum takwas suka taru a gidan Bello Ijumu suka kafa NEPU, jam'iyyar neman sawaba. Cikinsu akwai Abba Maikwaru, mutumin Fagge, da Maitama Sule da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano yana koyarwa a Maru a lokacin, sai daga baya a shekarar ya ajiye aiki ya shigo ya zama jagoranta. Abin lura a nan shi ne mai masaukin taron Bayarabe ne daga Ijumu, cikin jihar Kogi ta yau, kuma Sabon Gari ce wurin da matasa ke iya taron siyasa da ɗan sauƙi fiye da cikin birni, inda idon dogarai da 'yan doka ke kan kowa. Jaridar Comet ta Nnamdi Azikiwe, wadda ta dawo Kano a 1949, ita ce ta riƙa buga ƙorafe-ƙorafensu. Siyasar talakawa da Kano ke tinƙaho da ita har gobe, da hannun baƙi a cikin kafuwarta.

Shekara uku bayan haka unguwannin biyu suka gwabza da juna. A ranar 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1956 a majalisar Ikko. Wakilan Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello suka nemi a cire wa'adin, aka yi musu ihu a titunan Ikko. Da jam'iyyar Action Group ta shirya taro a otal ɗin Colonial da ke Sabon Gari, wanda Samuel Akintola zai jagoranta, sai rikici ya ɓarke ranar 16 ga Mayu, aka kwana huɗu ana yi, akasari a kan iyakar Fagge da Sabon Gari. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 36 suka mutu, 241 suka jikkata. Wannan tarzoma na daga cikin dalilan da suka sa aka kira taron London a shekarar, wanda ya haifar da tsarin mulkin tarayya na 1954. An sake zubar da jini a 1966 da 1991, sannan a watan Maris na 2013 aka tayar da bam a tashar motocin New Road. Yadda za a faɗa wa yara wannan ya danganta da shekarunsu, amma ɓoye shi ba ya amfanarsu, domin idan ba su ji daga iyayensu ba za su ji ɓangare ɗaya a shafukan sada zumunta.

Kasuwar Sabon Gari sunanta na hukuma shi ne kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan da ya mulki Kano daga 1979 zuwa 1983 a ƙarƙashin PRP, magajiyar NEPU. Shi ne ya soke haraji da jangali, abin da 'yan sawaba suka sha ɗauri a kansa. Gobarar watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna a kasuwar. A nan ne za a ji Ibo da Bayarabe suna ciniki da Hausa tsantsa, wasunsu kakanninsu ma a Kano aka haife su. A gefenta akwai 'Yan Kura, inda ake sauke kayan miya da doya da manja. Bazara lokacin mangwaro ne, don haka ba a rasa tsarabar gida mai araha.

Tsofaffin majami'u, irin su Holy Trinity ta ɗarikar Angilika, da masallatan da Yarbawa suka gina tun farkon zamansu, suna cikin gine-ginen da suka fi daɗewa a unguwar. Saboda matakan tsaro, a nemi izinin masu gadi kafin a shiga haraba ko a ɗauki hoto. Asibitin ido na ECWA, wanda mishan suka buɗe a 1943, har yanzu daga jihohi da ƙasashen maƙwabta ake zuwa masa. Wanda ya miƙe titin da ya wuce ta yankin zai kai filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, mafi daɗewa a ƙasar nan. A Kano ne jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya, a watan Nuwamban 1925, lokacin da jiragen sojan Ingila uku suka iso daga Masar.

Bayan La'asar: dambe da ƙwallo

Dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari na ɗaya daga cikin sanannun gidajen damben gargajiya a Arewa. Ana karawa ne tsakanin ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada, ɗan dambe ya naɗe hannu ɗaya da zare, makaɗa suna zuga shi da kalangu. Turmi uku ake yi, kuma idan aka kai mutum ƙasa sai a ce an yi kisa. Yana da kyau a yi wa ƙananan yara bayanin kalmar tun a hanya. A tambayi ranakun wasa kafin a je, a zauna nesa da tsakiyar taro, a tashi kafin magariba.

Filin wasa na Kano Pillars ma a Sabon Gari yake, ko da yake manyan wasannin ƙungiyar a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ake buga su. An kafa Pillars a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma a cikinta ne Ahmed Musa ya yi suna kafin ya tafi Turai. Filin Sani Abacha ya karɓi wasannin cin kofin Afirka na 2000 da na matasan duniya a 1999 da 2009. Ga mai ƙananan yara, kallon atisaye ko wasan ƙananan ƙungiyoyi ya fi kwanciyar hankali a kan ranar babban wasa.

Abinci

A ɓangaren Fagge akwai gurasa, wadda Larabawan fatake suka kawo Kano, ana cinta bandashe da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa, ko a haɗa ta da tsire ko balangu da yamma. Fura da nono da kunun aya da zoɓo su ne maganin ƙishin bazara, amma a lura da irin ruwa da ƙanƙarar da aka haɗa su da shi. A Sabon Gari kuma akwai sakwara da miyar agushi, da amala, da farfesun kifi. Iyalin da ba sa cin wani nau'in nama su tambaya kafin a zuba musu, masu abincin sun saba da tambayar. Da rana ya kamata a ci abinci a unguwar, domin da dare wasu titunanta na mashaya ne, kuma tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a 2000 ake yawan samun takun-saƙa a kan hakan tsakanin masu shagunan da Hisbah.

Idan hutun ya haɗu da Sallah

A 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah da Ista suna faɗowa kusa da juna a cikin wannan hutu. Bisa al'ada, ranar Hawan Nassarawa sarki kan kai wa gwamna gaisuwa, sannan ya ratso ta Sabon Gari da Fagge a hanyarsa ta komawa fada, mazauna unguwannin su fito bakin titi su yi masa barka da Sallah. A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano a cikin jerin al'adun duniya da ake alkintawa. Sai dai tun da rikicin masarauta ya ɓarke a watan Mayun 2024, tsakanin Muhammadu Sanusi na II da Aminu Ado Bayero, 'yan sanda sun hana hawa a Babbar Sallar shekarar da kuma Ƙaramar Sallar 2025. Wanda zai taso daga wani gari domin kallon hawa ya saurari sanarwar hukuma kafin ya kama hanya.

Rana ta uku: cikin badala

Wanda ke da ƙarin kwana ɗaya zai iya shiga birni ya haɗa labarin. Gidan Makama, wanda aka gina a ƙarni na 15, yana ɗauke da tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan zuwan Turawa. Kasuwar Kurmi, ita ma ta zamanin Rumfa, nan ne kayan ayarin Fagge ke ƙarewa. Daga kan dutsen Dala, idan aka hau da sassafe kafin duwatsu su yi zafi, ana hango birni da Waje gaba ɗaya, a kuma ga ɗan abin da ya rage na badalar da aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu, farkon ƙarni na 12. A kammala da gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, inda kabarinsa yake, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, kuma a cikin watan ne cibiyar kan shirya laccar tunawa da shi.

Zirga-zirga da kariya

An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun watan Janairun 2013, don haka adaidaita sahu ne abin hawan yau da kullum. Ga iyali ya fi sauƙi a ɗauki shata, a yi ciniki kafin a shiga. Mai mota ya ajiye ta a wurin da ake biya a tsare, domin samun wurin tsayawa a kewayen Kwari da Bata aiki ne, kuma jami'an KAROTA ba sa ɗaga ƙafa. Doguwar gadar sama ta titin Murtala Muhammad na rage cinkoso ga mai wucewa, amma mai shiga kasuwa ta ƙasa zai bi. Ƙwacen waya matsala ce da Kanawa suka daɗe suna kuka da ita, saboda haka a rage fito da waya a cikin adaidaita sahu da lunguna, musamman da almuru. A rubuta lambar waya a takarda a sa wa kowane ƙaramin yaro a aljihu, a kuma nuna musu wurin da za a haɗu idan aka rabu. Kada a ɗauki hoton 'yan canji ko wuraren ibada ko shingen jami'an tsaro ba da izini ba.

Kuɗin da ziyarar za ta ci bai wuce na abin hawa da abinci da ɗan ihsani ba. Abin da ya fi wuyar samu shi ne mai ba da labari. Yaron da yake shekara goma lokacin tarzomar 1953 ya haura tamanin a yau, kuma waɗanda suka yi dakon gyaɗa ko suka yi yaron kanti a wurin Kwarori kullum raguwa suke. Har yanzu akan tarar da irinsu a zaure a Fagge ko a bakin shago a Sabon Gari. Idan aka dace da ɗaya, a yi sallama, a gaishe shi da Baba, a nemi izininsa, sannan a bar yara su yi tambaya su naɗi muryarsa a waya. Su tambaye shi sunan titin kafin a canza shi, da abin da ke wurin kafin a gina shagunan, da kuma waɗanda suka yi maƙwabtaka da shi a lokacin.